Baƙin suna a banki: Yadda ake auna amanar mai cin bashi a Nijeriya

A da, mutumin da ya ci bashi ya ƙi biya a garuruwa irin su Wamakko da ke jihar Sakkwato, labarinsa ba ya wuce unguwarsu da kasuwar da yake ci. A yanzu kuwa akwai kamfanonin da aikinsu shi ne ajiye tarihin duk wanda ya karɓi rance a banki, su kuma ba shi maki gwargwadon yadda yake cika alkawari.

Idan makin ya yi ƙasa, mutum na iya neman rance a Sakkwato a hana shi, ya tafi Kano ko Legas a sake hana shi, ba tare da an bayyana masa dalili ba. Da dama daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su ma san da wannan rajista ba.

Batun ya shafi jama'ar ƙaramar hukumar Wamakko ta fuskoki da yawa. A nan ne mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, haka ma masana'antar siminti ta Kalambaina, da unguwannin ma'aikata irin su Arkilla da Bado, ga kuma manoman fadamar Gulbin Rima masu noman shinkafa da albasa. Ƙidayar shekara ta 2006 ta nuna cewa yankin na da kusan mutum dubu 180, kuma ɗalibi da ma'aikaci da manomi duk sukan nemi rance.

Yadda ake yi a gargajiyance

Auna amanar mutum kafin a ba shi bashi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Masu iya magana kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka 'yan kasuwa suka daɗe da samar da hanyoyin tantance wanda za a yi wa lamuni.

A harkar fatauci, fatoma ko maigidan da baƙo ya sauka a wurinsa shi ne ke tsaya wa ciniki. Shi ya san wanda ke biya a kan lokaci, da wanda sai an yi ta sintiri, da wanda ba a ba shi kaya sai kuɗi hannu.

Wani masanin halayyar al'umma mai suna Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya wallafa littafinsa a shekara ta 1969. Ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanun da aka kai daga arewa a bisa bashi ba tare da wata takarda ba, domin masu gidaje da dillalansu suna bibiyar halin kowane mahauci, kuma su ne ke ɗaukar asarar idan ya gaza biya.

Haka abin yake a adashi. Uwar adashi ba ta saka wadda ta taɓa kwasa ta daina zubi, kuma labarin kan bazu ne daga gida zuwa gida.

To sai dai wannan tsari yana da sassauci. Mutanen da suka ɓata wa mutum suna sun san shi, sun san ko gobara ce ta cinye shagonsa ko kuwa taurin bashi ne kawai. Idan ya gyara halinsa, ko wani dattijo ya tsaya masa, akan yafe a ci gaba da hulɗa.

Asalin rajistar zamani

Babban Bankin Nijeriya, CBN, ya fara ajiye bayanan masu cin bashin bankuna ne a shekara ta 1998, bayan durƙushewar bankuna da dama a wancan lokaci. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kayar da su shi ne yadda wasu kan ci bashi a wannan banki su ƙi biya, su koma wani bankin su sake ci, alhali bankunan ba su da labarin juna.

A shekara ta 2008 CBN ya fitar da ƙa'idojin kafa kamfanoni masu zaman kansu da za su yi wannan aiki, kuma a 2009 aka ba uku lasisi. Su ne CRC, da CreditRegistry, da kuma XDS wanda daga baya ya koma FirstCentral.

A watan Agustan wannan shekara ta 2009 ne kuma gwamnan CBN na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420, sannan aka buga sunayen manyan waɗanda bankunan ke bi bashi. Wannan ne karon da akasarin jama'a suka fara ganin an yi amfani da kunyatarwa a bainar jama'a wajen karɓo kuɗin banki. A 2015 ma CBN ya umarci bankuna da su riƙa buga sunayen masu taurin bashi a manyan jaridu.

Abin da ya ƙarfafa tsarin shi ne lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014. Lambar mai alƙaluma 11 tana haɗe da hoton yatsun mutum, kuma ita kaɗai ce yake amfani da ita a dukkan bankuna, abin da ya sa sauya banki ko sauya gari ya daina ɓoye mai bashi.

Daga nan sai a watan Mayun 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa Farfesa Yemi Osinbajo ya rattaba hannu a kan dokar da ta tsara yadda za a riƙa tattarawa da musayar irin waɗannan bayanai. A ƙarƙashin ƙa'idojin CBN, wajibi ne banki ya miƙa bayanan rancen da ya bayar, ya kuma nemi rahoton mutum daga aƙalla kamfanoni biyu kafin ya ba shi sabo. Bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su ma suna ƙarƙashin kulawar CBN ɗin.

Yadda ake lissafa makin

Salon bayar da maki ya samo asali ne daga Amurka, inda kamfanin Fair Isaac ya fito da makin da ake kira FICO a shekara ta 1989. Makin yana farawa ne daga 300 zuwa 850, kuma wannan ma'aunin ne kamfanin CRC ke amfani da shi a Nijeriya. Duk lokacin da makin ya yi kusa da 300, banki na kallon mutum a matsayin wanda ba shi rance kasada ce.

Kamfanin na Amurka ya bayyana yadda yake rarraba nauyin abubuwan da yake dubawa. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne a kan ko mutum yana biya a kan lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke kansa.

Daɗewar da ya yi yana hulɗar rance na ɗaukar kashi 15. Sauran kashi 20 ɗin an raba su biyu ne, tsakanin yawan sabbin basussukan da ya nema a baya-bayan nan, da kuma ire-iren rancen da ya taɓa karɓa.

Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta tambayar dalili. Malamin makarantar da albashinsa ya yi jinkirin wata biyu, da attajirin da ke da kuɗi ya ƙi biya da gangan, duk za a rubuta musu cewa sun yi latti.

Akwai kuma wata matsalar ta daban, wato ta wanda bai taɓa cin bashin banki ba. Ko da ya yi shekara talatin yana karɓar kaya a kasuwa yana biya ba tare da saɓa alkawari ba, a wurin rajistar ba shi da tarihi. Binciken da ƙungiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, yayin da a shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 47.

Abin da kan biyo baya

Illar farko ta ƙarancin maki ita ce hana rance, ko kuma a bayar da shi da tsauraran sharuɗɗa. Ba nan kuma ta tsaya ba.

Tun daga ranar 1 ga watan Agustan 2020 CBN ya fara aiki da wani tsari mai suna GSI. Mai karɓar rance kan sa hannu tun farko cewa idan ya gaza biya, banki na da ikon cire kuɗin daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambarsa ta BVN, ko da a wani banki ne, har da asusun da ya yi tarayya da wani.

Ƙa'idar ta yarda a cire uwar kuɗi da ruwan da ya hau kanta, amma ban da tarar latti. Wannan ne ya sa wasu kan wayi gari su ga kuɗin da aka turo musu a wani banki sun ɓace.

Akwai kuma wani jerin na daban da aka tsara a 2017, wanda ake saka lambar BVN ta mutanen da aka tabbatar sun yi zamba. Jama'a kan rikita shi da rajistar masu bashi, alhali wanda ya kasa biyan rance ba ɗan damfara ba ne a idon doka.

Game da tsawon lokaci, dokar 2017 ta ce kamfanonin su riƙe bayani na aƙalla shekara shida, sannan su adana shi a ma'ajiya na wasu shekaru goma. Ke nan biyan bashi yana gyara matsayin mutum, amma ba ya share tarihin lattin da ya yi nan take.

Manoman fadama

A yankunan noman shinkafa na Sakkwato da Kebbi, hanyar da dubban manoma suka fara shiga littafin banki ita ce shirin bayar da rance na Anchor Borrowers, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015.

An tsara shirin ne ta yadda manoma za su haɗu cikin ƙungiyoyi na mutum biyar zuwa ashirin, kowa da lambarsa ta BVN, suna tsaya wa juna. Akan ba su iri da taki da maganin ƙwari da injin ban ruwa, su kuma biya da amfanin gona idan an yi girbi.

A farkon shekara ta 2023 CBN ya ce ya raba fiye da Naira tiriliyan ɗaya ga manoma sama da miliyan huɗu da rabi a faɗin ƙasar. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, amma CBN ya musanta, yana mai cewa an biya kashi 52 na abin da lokacin biyansa ya yi.

Kowanne daga cikin alƙaluman biyu aka ɗauka, manoma masu yawan gaske ne ke ɗauke da bashin da ba su biya ba. A ƙarshen 2023 CBN, a ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya dakatar da karɓar sabbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye, ya kuma ɗora wa bankuna alhakin karɓo abin da ya rage.

Dalilan rashin biyan sun bambanta. An samu waɗanda suka ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, da waɗanda ba manoma ba ne suka shiga jerin, da kuma waɗanda suka koka cewa kayan noman sun iso musu a makare.

Ga kuma batun ambaliya. Mazauna fadamar Rima ba su manta da ta watan Satumban 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa jami'a ta kuma shafe gonaki masu yawa. A daminar 2020, lokacin da shirin ke tsakiyar aiki, ruwa ya sake cinye gonakin shinkafa a Kebbi da Sakkwato.

A nan ne bambancin tsohon tsari da sabo ke fitowa fili. Dagaci da limamin gari sun san wanda ruwa ya ci gonarsa da wanda ya sayar da takin ya ƙara aure, amma a rajista dukkansu sunansu ɗaya, kuma tun da 'yan ƙungiya sun tsaya wa juna, gazawar mutum ɗaya na iya shafar saura.

Manhajojin bashi da tozarta jama'a

Wani salon ɓata suna da ya fi tayar da hankali shi ne na manhajojin bayar da rance ta wayar salula, waɗanda suka yaɗu a tsakanin matasa da ƙananan ma'aikata. Sukan ba da kuɗi kaɗan cikin 'yan mintoci ba tare da jingina ba, da wa'adi gajere da ruwa mai yawa.

Jinginar tasu a haƙiƙa ita ce mutuncin wanda ya karɓa. Yayin sauke manhajar, mutum kan ba ta izinin shiga lambobin da ke wayarsa, kuma da zarar ya yi latti sai wasu daga cikin kamfanonin su aika wa iyayensa da surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne ko ɗan damfara. An ma samu lokutan da aka yaɗa hoton mutum da sanarwar cewa ya rasu.

Hukumomi sun ɗauki matakai. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan goma saboda keta sirrin jama'a, kuma a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas.

Kazalika daga ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutane. A watan Yunin wannan shekara shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, sannan a 2025 FCCPC ta fitar da sabbin ƙa'idojin da suka tanadi tarar da za ta iya kaiwa Naira miliyan ɗari ga kamfanin da ya saɓa.

Su ma ɗalibai sun shiga sahun masu bashi a hukumance, bayan da asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Rancen ba shi da ruwa, kuma ana fara biyansa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, amma bashi ne da ke rubuce da sunan ɗalibi.

Matsayin Shari'a

Tantance amanar mutane ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Alƙalai a mazhabar Malikiyya kan nemi a tsarkake shaida kafin su karɓi maganarsa, haka ma malaman Hadisi sun kafa fanni guda na bayyana amintattun maruwaita da raunana. Da yawa daga cikinsu sun gindaya sharaɗin cewa wanda ya soki wani sai ya faɗi dalilinsa filla-filla.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu. Aya ta 280 a wannan sura kuma ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Daga nan ne malaman fiƙihu suka raba masu bashi gida biyu. Mawadacin da ke jan ƙafa azzalumi ne, kuma ya halatta wanda yake binsa ya kai ƙararsa ya bayyana halinsa. Wanda kuwa ya rasa abin biya, haƙƙinsa ne a saurara masa.

Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ciki har da kai ƙarar zalunci ga mai iko da gargaɗin wanda zai ƙulla hulɗa da shi. A bisa wannan ma'auni, sanar da mai shirin ba da rance halin wanda ke nema yana da madogara. Aika wa dangi da maƙwabta saƙon cin mutunci, balle ƙaryar sata ko mutuwa, bai shiga cikin waɗannan wurare ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Rajistar kanta tana yin kuskure. A Amurka, inda tsarin ya fi daɗewa, wani bincike da hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar na da kuskure a rahotonsa, kuma ga kashi biyar cikin ɗari kuskuren ya kai ya sa a tsawwala musu sharuɗɗan rance.

A Kenya, inda rancen wayar salula ya jefa ɗimbin jama'a cikin jerin masu taurin bashi saboda kuɗi ƙalilan, babban bankin ƙasar ya shiga tsakani a watan Afrilun 2020. Ya hana saka sunan wanda bashinsa bai kai shilin dubu ɗaya ba, ya kuma hana manhajojin da ba sa ƙarƙashin kulawarsa miƙa sunaye.

A ƙasar Sin kuwa lamarin ya wuce batun rance. Kotun ƙoli na da jerin waɗanda suka ƙi biyan abin da kotu ta yanke musu, kuma ya zuwa ƙarshen shekara ta 2018 an hana sayar da tikitin jirgin sama sau miliyan 17 da rabi ga mutanen da ke cikin irin waɗannan jerin.

Haƙƙin wanda aka rubuta

Dokar 2017 ta ba kowane ɗan Nijeriya damar neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin. Tun da bayanan da ke hannun ɗaya na iya bambanta da na ɗaya, ya fi kyau a duba duka ukun.

Wanda ya ga an rubuta masa bashin da bai ci ba, ko wanda ya riga ya biya, yana da ikon shigar da ƙorafi ga kamfanin da kuma bankin da ya miƙa bayanin. Idan ba a gyara ba, zai iya kai kuka ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, ko kuma ya garzaya kotu.

Wanda ya kammala biyan rance ya kamata ya karɓi takardar shaidar cewa ba a binsa komai, ya ajiye ta. Wanda kuma ya ga alamar ba zai iya biya a kan lokaci ba, ya fi masa alheri ya je banki tun kafin wa'adi ya cika a sake tsara masa biyan, a kuma yi hakan a rubuce.

Akwai kuma haɗarin bayar da aron lambar BVN ko tsaya wa wani ba tare da sanin halinsa ba, abin da ya zama ruwan dare saboda kunya da zumunci. Duk rancen da aka ci da lambar mutum, sunansa ne zai shiga rajista.

Ga waɗanda manhajojin bashi suka tozarta, FCCPC da hukumar kare bayanai ta NDPC na karɓar ƙorafi, kuma saƙonnin da aka aika su ne hujja, don haka bai kamata a goge su ba. Sai dai ƙorafin ba ya sauke bashin daga wuyan wanda ya ci.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP domin faɗaɗa sayen kaya a bisa bashi ga ma'aikata, abin da ke nuna cewa tarihin biyan bashi zai ƙara tasiri a rayuwar jama'a. Tambayar da ta rage ga CBN da bankuna ita ce ko za a samar da hanyar da rajistar za ta bambanta manomin da ambaliya ta cinye gonarsa a fadamar Rima da wanda ya karɓi kuɗi da niyyar ƙin biya.